Sikana ta ƙi tura imel: wace hanya ce ta dace da ofishinka a Legas?

Akwai wani ofishin sufuri a Apapa, na masu tirelolin da ke ɗaukar kwantena zuwa Kano da Kaduna. Suna da babbar na'urar fotokwafi da ta daɗe tana yi musu hidima. Sakatare zai ɗora takardar kaya, ya danna maɓalli, takardar ta faɗa imel ɗin akanta ko na wakilin da ke fito musu da kaya daga tashar jiragen ruwa. Wata Litinin sai ta ƙi. Tana bugawa, tana kwafi, amma da an ce ta tura sai ta yi jim, ta nuna wata lamba a fuskarta. Alhaji mai ofishin ya kira ni tun ina Agege ban ko karya ba.

"Malam, injin nan fa ya mutu. Ka zo ka duba, ko kuwa a tura yaro Computer Village ya tambayo kuɗin wani?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kada a sayi komai tukuna."

Lafiyar injin ƙalau. Kamfanin da ke riƙe musu imel ne ya canza ƙa'idar shiga, ita kuwa na'urar tsohon yare kaɗai ta iya. Irin wannan kira yanzu ya zama ruwan dare, kuma ba sikana kaɗai abin ke shafa ba. Akwatin kyamarorin tsaro yana tura gargaɗi ta imel. Manhajar lissafi tana tura rasit da takardar albashi. Ma'ajiyar fayiloli tana sanar da kai in faifanta ya fara ciwo. Injin da ma'aikata ke danna yatsa da safe shi ma yana tura rahoto. Dukkansu da yaren SMTP suke magana, wanda Jon Postel ya rubuta ƙa'idarsa a 1982, lokacin da masu intanet 'yan kaɗan ne kuma kusan kowa ya san kowa. A wancan zamanin ko wace saba, wato kwamfutar da ke karɓa da isar da imel, ka miƙa wa saƙo za ta karɓa ta wuce da shi. Yau sai ka nuna ko kai wane ne, ka ɓoye maganar a hanya, kuma a tabbatar kana da izinin rubutu da sunan da ka sa.

Wanda ya taɓa aika kaya gida daga Agege ko Mile 12 ya san tsarin da zan yi magana a kai. Ba kai ke bin kaya har Kano ba. Tasha kake kaiwa, ɗan kamasho ya san fuskarka, ya karɓa, ya rubuta, ya ajiye har mota ta tashi. In motar ta lalace a Jebba, a juye kayan a wata, ba a dawo maka da su ba. Sabar da ke tsayawa tsakanin na'urorin ofis da duniya, wadda ma'aikatan kwamfuta ke kira rile, aikin tashar nan take yi, don haka tasha zan riƙa ce mata. Tambayar da ke gabanka ita ce wace tasha za ka kai, kuma da me za ta gane ka: da kalmar sirri, ko da lambar layinka. A Legas kuma akwai tambaya ta biyu da jagororin kamfanonin waje ba su cika damuwa da ita ba: in layi ya yanke ko an ɗauke wuta, a hannun wa saƙon zai kwana?

Hanyar kalmar sirri

Wannan ce kowa ke fara bi, don ba ta buƙatar komai sai akwatin imel guda. Ka shiga saitin na'urar, ka rubuta sunan saba, ka sa ƙofa ta 587 (kowace saba tana da ƙofofi masu lamba da ake shiga ta cikinsu), ka ba ta suna da kalmar sirri. Masu Google za su rubuta smtp.gmail.com, masu Microsoft 365 kuma smtp.office365.com. Kyanta shi ne ba ruwanta da wane layi kake kai. Ko rauta mai sim ce, ko faiba, ko wayarka ka kunna wa na'urar, za ta tura.

Matsalar ita ce wannan ƙofa kullum ƙara tsukewa take yi. Google ya daina karɓar kalmar sirrin akwati kai tsaye daga irin waɗannan na'urori a Gmail na gama-gari tun 30 ga Mayu 2022, a 2025 kuma ya kammala hakan ga masu Workspace, tsarinsa na kamfanoni da ake biya. Abin da ya rage shi ne kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16 da ake ƙirƙira wa na'ura, ita ma sai akwatin yana da tantancewa mai mataki biyu. Mutane da yawa ba su san cewa duk ranar da aka canza babbar kalmar sirrin akwatin, ta na'urar ta mutu ba. Sai ka ga akanta ya canza kalmarsa ranar Juma'a, ranar Litinin a wayi gari ana zagin sikana. Iyakar tura saƙo a rana kuwa 500 ce ga Gmail na kyauta, 2,000 ga Workspace.

A wajen Microsoft sai akwatin yana da lasisi, kuma sai na'urar ta iya TLS 1.2, wato sigar ɓoye bayani da tsofaffin injuna da yawa ba su san da ita ba. Iyaka saƙo 30 a minti guda, masu karɓa 10,000 a rana. Ta rana ba ta damun kowa, ta minti ce ke kama mutane: makarantar da ke tura sakamakon ɗalibai, ko kamfanin da ke tura takardar albashin ma'aikata 200 a tashi ɗaya, sai rabin saƙonnin su dawo in manhajar ba ta iya jira ba. Tun Oktoba 2022 Microsoft ya rufe shiga da kalmar sirri zalla a sauran ƙofofinsa, ya bar wannan saboda firintoci. A 2024 ya sanar ita ma za ta tafi, ya sa Satumba 2025, daga baya ya ɗage ranar. Ɗagewa dai ba fasawa ba ce. Sababbin na'urori sun fara iya OAuth, tsarin da ke maye gurbinta, wasu kuma sabunta manhajar cikinsu kawai suke buƙata. Amma yawancin injunan da ke ofisoshinmu tokumbo ne, waɗanda masu ƙera su suka daɗe da daina waiwayarsu.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Sau da dama in na buɗe saitin sikana, kalmar sirrin akwatin mai gida da kansa nake tararwa a ciki, akwatin da banki ke turo wa saƙo. Ita kuwa na'urar, kalmar sirrin shiga saitinta tana nan yadda ta zo daga masana'anta, wadda kowa zai iya dubowa a intanet. Wanda ya samu shiga wayifai ɗin ofis zai iya canza adireshin sabar zuwa tasa kwamfutar, ya danna gwaji, na'urar ta miƙa masa kalmar da hannu biyu. In har wannan hanyar za ka bi, ka buɗe wa na'urar akwatinta daban wanda babu komai a ciki.

Wani ƙaramin abu kafin in wuce: agogo. In batirin cikin na'ura ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta kwanan watanta na iya komawa shekarun baya, sai ta ga takardar shaidar sabar kamar ba ta fara aiki ba, ta ƙi haɗuwa. Na taɓa ɓata rabin yini kan wannan. Yanzu agogo nake fara dubawa.

Hanyar lambar layi

A nan babu kalmar sirri. Kana gaya wa Microsoft ko Google cewa duk saƙon da ya fito daga lambar IP kaza, wato lambar layina a intanet, nawa ne, ku karɓa ku wuce da shi. A Microsoft ana yin haka da abin da suke kira konekta, na'urorin kuma su tura zuwa adireshin MX, wato adireshin karɓar imel, na domen ɗinka (sunan da ke bayan @ a imel ɗin kamfaninka), wanda ke ƙarewa da mail.protection.outlook.com, ta ƙofa ta 25. Ba a buƙatar lasisin akwati, kana iya rubutu da kowane suna a ƙarƙashin domen ɗinka, kuma saƙo na fita zuwa ko'ina. A Google sunan sabar smtp-relay.gmail.com, ana kunna ta daga shafin mai kula da Workspace, tana ba kowane mai amfani har 10,000 a rana. A takarda wannan ce hanya mafi tsafta, kuma ita jagorori da yawa ke yabawa.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Sharaɗinta shi ne lambar ta zama taka kai kaɗai, kuma ba ta canzawa. Ofisoshi nawa ne a Idi-Araba ko Obalende ke da wannan? Layukan sim da yawancin layukan gida suna cusa kwastomomi masu yawa a bayan lamba ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT, saboda lambobin IPv4 sun yi ƙaranci a duniya. Gane shi ba wuya. Ka buɗe shafin rautarka ka duba lambar da kamfani ya ba ta. In ta fara da 10 da ɗigo a bayansa, ko tana tsakanin 100.64 da 100.127, ko kuma ta bambanta da wadda shafukan duba IP ke nuna maka, to kai da jama'a kuke raba lamba. Kada ka kuskura ka yi rajistar irin wannan lamba a konekta. Ka buɗe wa duk wanda ke bayanta ƙofar rubuta wasiƙa da sunan kamfaninka ke nan, gobe kuma lambar ta koma hannun wasu.

Ko ka sayi tsayayyar lamba daga kamfanin faiba, tsugune ba ta ƙare ba. Na farko, ƙofa ta 25. Kamfanonin intanet da dama suna toshe ta don hana masu watsa saƙonnin banza. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairu 2023 kuma ofisoshi da yawa suka rungume shi, yana toshe ta, sannan a tsarinsa na yau da kullum raba lamba ake yi. A nan Google ya ɗan fi sauƙi, don tasharsa tana karɓa ta 587 da 465, ba dole sai 25 ba. Na biyu, wanda ya fi yawan faruwa: kusan duk ofishin da ya san ciwon kansa a Legas yana da layi biyu. Ranar da masu gyaran titi suka sare faiba, rauta ta koma kan sim, lambarka ta canza, konekta ya daina gane ka. Intanet na aiki, kowa na WhatsApp, sikana kaɗai ke kuka, kuma ba wanda zai alaƙanta abin da yankewar waya a bakin titi.

Microsoft yana da wata ƙanwar wannan hanya mai suna Direct Send. Ba konekta, ba kalmar sirri, amma saƙo ba ya wuce ma'aikatan cikin gida, kuma ita ma ta ƙofa ta 25 take bi. In buƙatarka kawai sakatare ya tura wa kansa takarda, tana iya isarka. 'Yan damfara sun gano ta, suna turo wasiƙu masu kama da daga sikanar ofis suka fito, har a 2025 Microsoft ya fito da maɓallin rufe ta gaba ɗaya. Ni ba na gina sabon abu a kanta. Google ma yana da irinta, aspmx.l.google.com, wadda ba ta kai saƙo sai ga masu Gmail da Workspace.

Tashar haya

Akwai kamfanonin da tura saƙo ne kaɗai sana'arsu: Amazon SES, SMTP2GO, Brevo, Mailgun, SendGrid. Suna ba ka suna da kalmar sirri da ba sa buɗe akwatin kowa, tura saƙo kawai suke yi. In sun faɗa hannun ɓarawo, ba zai karanta wasiƙar banki ba, kai kuma ka soke su ka ƙirƙiri wasu cikin minti biyu. Kowace na'ura tana iya samun nata. Suna buɗe ƙofofi fiye da ɗaya saboda masu toshewa: SMTP2GO yana karɓa ta 2525, Amazon ta 2587. Kuma suna nuna maka tarihin kowane saƙo, ya isa ko bai isa ba, da dalilin da aka mayar da shi. Wannan kaɗai ya kashe gardama da yawa tsakanin akanta da kwastoma.

Kuɗin ba shi da yawa. Amazon yana karɓar santi 10 na dala kan saƙo 1,000, da santi 12 kan kowace gigabait ta fayilolin da aka maƙala. Ofishin da ke tura 3,000 a wata bai kai dala ɗaya ba sai in takardunsa masu nauyi ne sosai. Amma da farko yana tsare ka a matakin gwaji, saƙo 200 a rana kuma zuwa adireshin da ka tantance kaɗai, sai ka rubuta musu bayanin abin da za ka riƙa turawa su sake ka. Brevo yana ba da 300 a rana kyauta, SMTP2GO 1,000 a wata. Abin lura, kyauta ba ta da alƙawari: SendGrid ya janye tsarinsa na kyauta a 2025. Biya kuma da dala ne. Mun ga yadda bankuna da dama suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira daga 2022 har zuwa tsakiyar 2025. Bashin santi 40 ya isa a rufe maka asusu in katin ya ƙi wucewa, don haka a sa katin kamfani, ba na yaron da ya haɗa muku ba.

Aikin da wannan hanya ke nema yana wajen domen. Sai ka shiga inda aka yi rajistar sunanka, ko .com ne ko .com.ng, ka ƙara bayanan SPF da DKIM da kamfanin zai ba ka. SPF jerin waɗanda ka yarda su tura da sunanka ne, DKIM kuma hatimi ne da ake bugawa a kan kowane saƙo. Kuskure biyu nake yawan gani. Wani sai ya ƙirƙiri SPF na biyu maimakon ya ƙara a na farko, alhali domen guda SPF ɗaya aka yarda ya samu, sai duka biyun su lalace. Wani kuma ya cika shi da kamfanoni har ya wuce iyakar bincike 10 da ƙa'idar ta gindaya. Mafi sauƙi a ware wa na'urori reshen domen nasu, don in wani abu ya ɓata sunansu kada ya taɓa wasiƙun mai gida.

Asibiti ko ofishin lauya su tsaya su yi tunani kafin su bi nan. Sakamakon gwajin majinyaci zai ratsa hannun wani kamfani na uku a ƙasar waje, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 tana da sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje. Gaskiya ne Google da Microsoft su ma a waje suke, amma ƙara hannu ƙara alhaki ne.

Tasha a cikin gida

Duk hanyoyin nan uku suna da rauni iri ɗaya: na'urar ce da kanta ke magana da duniya. Ita kuwa sikana ba ta da haƙuri. Ta gwada, in bai tafi ba ta jefar da aikin, wata ma ba za ta gaya wa kowa ba. Ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, layi ya riƙa zuwa yana ɗaukewa a Legas na kwanaki. Ofisoshin da na'urorinsu ke tura kai tsaye sun yi ta maimaita aiki. Waɗanda ke da ƙaramar saba a cikin gida kuwa, takardunsu sun yi layi a cikinta, suna fita ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da hanya ta buɗe.

Wannan ce hanya ta huɗu, kuma ba kishiyar sauran ba ce, a gabansu take zama. Ka ajiye ƙaramar kwamfuta mai Linux a ofis, Debian ko Ubuntu, ka sa mata Postfix, manhajar isar da imel da Wietse Venema ya rubuta a IBM aka sake ta a 1998, kyauta ce har yau. Duk na'urorin ofis su tura mata a cikin gida, ta ƙofa ta 25, da tsohon yarensu, ba kalmar sirri ba ɓoyewa. Ita kuma ta juya ta yi magana da duniya da sabon yare ta ƙofa ta 587. Injin da ya shekara 12 bai san an canza komai ba. Kalmar sirri tana wuri ɗaya, ranar da ƙa'ida ta sake canzawa wuri ɗaya za ka gyara, ba ka bi na'ura 9 ɗaya bayan ɗaya ba. In layi ya yanke, Postfix yana riƙe saƙo yana sake gwadawa har kwana 5, haka yake zuwa a saitinsa na asali.

Saitin da ke da muhimmanci ba su da yawa, duk a fayil ɗin main.cf suke. A relayhost kake rubuta inda za ta miƙa saƙo. A mynetworks kake rubuta waɗanda ta yarda ta karɓa daga gare su, kuma a nan ake yin ɓarna. Kada ka sa dukkan netwok ɗin ofis, musamman in wayifai ɗin baƙi a haɗe yake. Ka ba kowace na'ura tsayayyar lamba ta cikin gida, ka rubuta su ɗaya-ɗaya. Kada kuma ka buɗe mata ƙofa daga waje a rauta, babu abin da take jira daga can. Tashar da ke karɓa daga kowa, masu saƙonnin banza na gano ta cikin ƙanƙanin lokaci, kafin ka farga an sa sunanka a baƙin littafi. Sai smtp_tls_security_level, a sa shi encrypt don kada ta taɓa fitar da kalmar sirri a fili. Sai kuma message_size_limit, wanda asalinsa kusan megabait 10 ne kawai. Fayil in ya shiga imel yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku, na megabait 20 ya koma kusan 27. Ka ɗaga iyakar, amma ka tuna Gmail ba ya barin masu akwatinsa su maƙala abin da ya wuce 25, wasu sabobin ma ba su kai haka ba. Maganin gaskiya yana jikin sikanar: a sauke ta daga launi mai ɗigo 600 zuwa baƙi da fari mai 200, takardar kaya ba hoton biki ba ce.

Tsofaffin na'urori suna son rubuta sunan mai aikawa na banza, irin scanner@localhost, wanda kowace saba za ta watsar. Postfix yana iya sauya shi a hanya zuwa adireshi na gaske a domen ɗinka. Ka tabbata wani yana buɗe wannan akwatin, don can saƙonnin da aka mayar za su riƙa taruwa.

Wace irin kwamfuta? Mutane na son Raspberry Pi saboda ba ta cin wuta, amma katin ƙwaƙwalwarta ba ya jure ɗauke wuta ba zato, a nan kuwa tsakanin wutar gari da janareta sau nawa ake yi a yini? Ni na fi son tsohuwar laftof mai batiri mai rai. Ta zo da inbatarta a jiki, tana da allo da madannai in abu ya rikice, kuma kusan kowane ofis yana da guda a ƙasan durowa. A riƙa duba batirin dai, zafin Legas yana kumbura shi.

Aibinta a fili yake: tana son mai kula. Wani ya riƙa sabunta ta, ya riƙa buga mailq yana ganin ko saƙonni sun taru. In yaron da ya haɗa ta ya tafi gida Sallah, ko ya samu aiki a Abuja, ofishin ya zauna da akwatin da ba wanda ya san cikinsa. Kuma Postfix bai iya OAuth da kansa ba sai an ɗora masa ƙari, don haka in ka haɗa shi da akwatin Microsoft ta kalmar sirri, ka ɗage matsalar ne kawai. Ya fi dacewa da tashar haya, ko da konekta in kana da tsayayyar lamba. Masu son yin haka a Windows kuma lokaci ya wuce su. Tsohuwar sabar SMTP da ke zuwa da Windows Server, Microsoft ya cire ta a sigar 2025, hMailServer kuma, wata manhajar imel ta Windows, an daina raya shi.

Wani zai ce, tunda na kafa saba, me zai hana ta kai saƙo da kanta ga kowa ba tare da ɗan tsakiya ba? An ce zuwa da kai ya fi aike, amma ban da a nan. Lambobin layukan gida da na sim galibi suna cikin jerin Spamhaus na waɗanda bai kamata su tura imel kai tsaye ba. Tun Fabrairu 2024 Google da Yahoo suka tsaurara: duk mai turo musu saƙo sai yana da SPF ko DKIM, kuma lambarsa ta zama tana da suna a DNS, kundin sunayen intanet, da ke komawa gare ta, abin da kamfanin layinka ne kaɗai zai iya sa maka. Hayar saba a waje ma ba ta kuɓutar da kai, don Google Cloud yana toshe ƙofa ta 25, Amazon ma haka sai ka nemi izini.

To wa ya dace da wace? Ɗan canjin da ke Allen mai sikana ɗaya sabuwa, ya buɗe mata akwati nata ya bi hanyar farko, in ta iya OAuth ma ya huta. Dillalin Mile 12 da manhajar rasit kaɗai ke tura masa imel, tashar haya ta kyauta ta ishe shi, babu dalilin ajiye saba. Kamfani mai faiba da tsayayyar lamba a Ikeja ko Victoria Island, wanda dama yana biyan Microsoft 365, konekta ne nasa, amma ya sa Postfix a gaba saboda ranar da layi zai yanke: saƙonni su jira maimakon su ɓace. Asibiti ma nan ya fi masa, don bayanai ba su ƙara hannu ba. Sauran mu kuwa, masu na'ura uku zuwa sama, tsofaffi da sababbi a gauraye, layi yau faiba gobe sim, ban ga abin da ya kai ƙaramar tasha a gida wadda ke miƙa wa tashar haya ba. Ba ta damu da lambarka ba, ba ta damu da ƙofa ta 25 ba, kuma tana jira.

Abin da muka yi a Apapa ke nan. Laftof ɗin tsohon akanta muka ɗauko, muka ɗora ta a saman kabad kusa da rauta. Na rubuta duk saitin a takarda biyu, ɗaya a durowar Alhaji, ɗaya a wajen sakatare, na kuma koya wa sakataren buga mailq kowace safiya. Kwana uku da gamawa ya kira ni, wai an koma gidan jiya. Na je na tarar mai shara ta ga kwamfuta a buɗe ƙura na shiga, ta rufe murfin, laftof ta yi barci da takardu 14 a cikinta. Laifina ne, na manta in gyara HandleLidSwitch a fayil ɗin logind.conf ya koma ignore. Ina ɗaga murfin suka fita gaba ɗaya. Alhaji ya leƙo daga ofishinsa ya ce, "Malam, wannan karon nawa ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin mota kawai, amma a ba ni salatif da takarda in manna mata gargaɗi."